Hoton da Zai Shige Maka Gaba: Jagora ga Sabon Ɗan Wasan Fim a Legas

Wata Asabar na zauna a teburin tantance 'yan wasa a wani zaure a Surulere, ina taya masu shirin karɓar takardu. Kafin azahar hotuna sun yi tsibi a gabanmu. Can sai ga wani saurayi daga Agege, dogo, baƙi, mai wushirya, da idanu irin waɗanda kyamara ke so. Ya rusuna ya gaishe ni da Hausa don ya ga hulata, ya miƙo hotonsa. Hoton Sallah ne: babbar riga ta farar shadda, baƙin tabarau, ya jingina da motar wani, fuskarsa ba ta kai girman ƙwayar goro ba a cikin katin. Na ce masa, "Ƙanena, ina kake a nan ciki?" Ya ce, "Yaya, shi ne mafi kyau da nake da shi."

Ya yi wasa mai kyau a ranar. Amma da dare, da aka baje hotuna ana tuna wane ne wane, babu wanda ya iya haɗa wancan mai tabarau da yaron da ya burge mu da rana. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa nake rubuta wannan.

Abin da 'yan masana'anta a nan suke kira hedshot hoto ne daga ƙirji ko kafaɗa zuwa sama, wanda aikinsa ɗaya ne tak: ya nuna wa mai zaɓen 'yan wasa fuskar da za ta shigo masa ɗaki. Ba hoton biki ba ne, ba na fasfo ba ne, ba kuma na burge 'yan Instagram ba. A Kano sau da yawa ta hannun wani ubangida ko wani kamfani ake shiga fim, an san ka, an san gidanku. A Legas kuwa sanarwa ake fitarwa, jama'a su turo hotuna, mai zaɓe ya riƙa shafa waya yana wucewa. Hotonka ne ke yin sallama kafin kai. Idan ka shigo aka ga kai daban hoton daban, ka riga ka ɓata rawarka da tsalle tun kafin ka buɗe baki.

Fara da sanin wa kake sayarwa

Kafin ka nemi mai hoto, zauna ka yi wa kanka tambaya ta gaskiya: idan baƙo ya gan ni a tashar mota, wa zai ɗauke ni? Ɗalibin jami'a? Matashin ɗan sanda? Ma'aikaciyar banki? Uwar gida mai haƙuri ko kishiya mai zafin kai? Tambayi mutum uku da ba sa jin kunyarka. Ka kuma san tazarar shekarun da za ka iya fitowa a ciki, misali daga 22 zuwa 30, ba shekarun da kake so a ce kana da su ba.

A nan akwai abin da ya shafe mu mu kaɗai. Shekara da shekaru finafinan kudu suna ajiye Bahaushe a bakin ƙofa: mai gadi da rediyo a kunne, mai tsire, mai canji, ko Alhaji mai mata huɗu da gurɓataccen Turanci. Irin su Sani Mu'azu da Ali Nuhu da Rahama Sadau da Yakubu Mohammed sun nuna cewa ɗan Arewa zai iya ɗaukar kowace irin rawa a Nollywood, amma tsohon tunanin bai mutu ba. Idan hoton da ka tura guda ɗaya ne kuma kana cikin kaftani da hula, ka taimaka wa mai zaɓe ya jefa ka cikin wancan akwatin. Ban ce ka ɓoye asalinka ba, Allah ya kiyaye. Hausarka jari ce, kuma ana neman masu ita. Abin da nake cewa shi ne ka yi hoto biyu: babban hotonka cikin riga mara ado wadda kowane ɗan Najeriya zai iya sawa, na biyu cikin kaftani da zanna bukar ko kube, ka riƙa tura shi idan rawar ta ɗan Arewa ce.

Akwai kuma rabuwar da masu sana'ar suke yi tsakanin hoton talla da hoton wasa. Na talla, irin wanda kamfanonin waya da bankuna da masu kayan abinci ke nema, yana son fara'a, haƙora a waje, haske tas. Na wasa yana son nutsuwa, baki a rufe ko ɗan murmushi kaɗan, ido yana ɗauke da magana. A zama ɗaya za ka iya samun duka biyun.

Neman mai ɗaukar hoto

Ba kowane mai kyamara ne ya iya wannan aikin ba. Mai hoton biki ya saba da sa amarya ta yi fari ta yi sumul, mai hoton fasfo ya saba da "ɗago kai, kar ka motsa". Kai kuwa mai fito da mutum kake nema. Situdiyo sun cika Ikeja da Yaba da Surulere da Lekki, kuma kusan kowannensu yana baje aikinsa a Instagram. Buɗe shafinsa ka duba abu uku. Shin fatar baƙaƙen mutane ta fito da launinta, ko duk sun koma ruwan toka ko jajaye? Shin kana ganin ƙofofin gashi da layukan fuska, ko an goge su kamar 'yar tsana? Shin idanun mutanen suna da rai, ko duk kallo ɗaya suke yi? Idan ka san wani ɗan wasa da ya yi hoto a wurinsa, kwatanta hoton da mutumin.

Ku yi magana ta ƙare kafin ranar, kuma a rubuce ta WhatsApp: nawa ne kuɗin, kaya kala nawa za ka canza, hotuna nawa zai gyara ya ba ka, yaushe, kuma zai ba ka manyan fayilolin asali ko ƙanana kawai. Ka gaya masa ba ka son tambarinsa a kan fuskar hoton. Ka tambaye shi ko yana da niyyar sa hotonka a tallarsa, ka amince ko ka ƙi tun yanzu. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma tsada ma ba shaida ba ce. Wani kuɗin hayar Lekki kawai kake biya masa.

'Yan'uwa mata, ku je da rakiya. Mai hoton kirki ba zai ƙi ki zo da yayarki ko ƙawarki ba. Wanda ya ce sai a ɗakin otal, ko sai da dare, ko ya fara maganar "ɗan sassauta rigar", ɗauki jakarki ki fita. Hoton kafaɗa zuwa sama ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Kaya da gyaran jiki

Riga mai launi ɗaya, ba rubutu, ba tambari, ba ƙyalli. Shuɗi mai duhu, kore irin na ganye, ruwan ƙasa, jan garura mai duhu da ruwan ɗorawa duk suna karɓar baƙar fata. Farar riga ƙal tana ruɗar kyamara: ta kare farin, fuskarka ta dushe. Shadda mai maiƙo tana mayar da haske, ƙananan ratsi-ratsi kuma suna yin wani rawa-rawa a hoto. Atamfa mai manyan zane tana janye ido daga fuska. Ka kula da wuyan rigar fiye da komai, domin shi kaɗai ne zai fito sosai. Wuyan da ya saki ko ya yamutse yana tona asiri. Goge kayan ka ɗauko su a rataye ko a naɗe cikin jaka, ka sa wata rigar daban don hanya. Wanda ya taso daga Agege ko Mile 12 cikin danfo, motar haya ta Legas, ya san yadda riga ke isa Yaba.

Maza, ku yi aski kwana biyu ko uku kafin ranar, don gyaran fuska ya kwanta, ƙurajen reza su lafa. Kar a yi maka fentin baƙi a goshi da saje. Idan da gemu kake yawo, da gemu za ka yi hoton. Hana-sallah da baƙin tabarau su zauna a gida. Mai gilashin magani ya yi wasu da shi wasu babu, a kula kar haske ya kwanta a kan gilashin ya rufe ido.

Mata, kwalliyar da za ki yi ita ce ta zuwa aiki ranar Talata, ba ta kamu ba. 'Yar hoda mai kashe maiƙo, kwalli kaɗan, man leɓe mai kama da launin bakinki. Dogon gashin ido na kanti yana yi wa ido inuwa, ɗan gilashi mai launi da ake mannawa a ƙwayar ido kuma ƙarya ce da za a gane a minti ɗaya. Maganar rufe kai kuwa, ki yanke hukunci tun yanzu, ke da iyayenki ko maigidanki, ba a gaban darakta ba. Idan kin san ba za ki buɗe kai a fim ba, to hotonki ya nuna haka: ɗankwali ko ƙaramin mayafi mai launi ɗaya, a ɗaure shi ya bar goshi da haɓa da kumatu a fili. Wannan zai rage miki wasu ayyukan, ba zan ɓoye miki ba, amma zai raba ki da jayayya a wurin ɗaukar fim, kuma wanda ya kira ki ya san wadda ya kira. Babban ɗauri irin na biki yana cinye rabin hoton, a bar shi.

Ka yi barci sosai a daren, ka sha ruwa. Lokacin hunturu, Disamba zuwa Janairu, ko a Legas leɓe yana tsagewa, fata ta yi furu-furu. Ka fara shafa man kaɗe kwanaki kafin ranar, amma ranar kanta kaɗan za ka shafa. Sauran watanni kuwa zufa ce abokiyar gaba. Ka riƙe hankici ko tishu, kana dannawa a goshi da hanci, ba gogewa ba.

Haske da wuri

Idan a situdiyo ne, wannan aikin mai hoto ne, sai dai ka tambaya ko suna da janareta. Idan a waje ne, lokaci shi ne komai. Rana a Legas tana fitowa wajen ƙarfe 6:30 zuwa 7:00 duk shekara, ta faɗi kusan haka da yamma. Daga 7:30 zuwa 9:30 na safe, ko bayan la'asar daga 4:30 zuwa 6:00, haske yana da taushi. Tsakar rana tana tsaye a ka, ta mayar da idanu ramuka biyu, ta sa ka ƙanƙance fuska. Ranar da gari ya yi lumshi ba a ruwa, wadda ba ta wuya a nan daga Afrilu zuwa Yuli, kyauta ce daga Allah: gajimare ya tace maka hasken.

Wurin da na fi so shi ne bakin inuwa. Tsaya daga cikin ƙofar gareji, ko ƙarƙashin baranda, ko bakin zaure, kana fuskantar waje inda haske yake, duhun ciki yana bayanka. Hasken zai shigo maka ta gaba a shimfiɗe, ya sa wani ɗan ɗigon haske a cikin ƙwayar idonka. Wannan ɗigon shi ne ran hoton. Ka duba, idan babu shi, ku juya har ya samu. Kar ka tsaya ƙarƙashin bishiya mai ɓuɓɓugar haske, za ta yi maka dabbare-dabbare a fuska. Ka matsa taku uku ko huɗu daga bango don bayan ya dushe. Bangon siminti mara fenti ya fi bangon fure da labule mai ado. Idan ƙasan haɓa ya yi duhu, wani ya riƙe farin kwali a daidai ƙirjinka, zai mayar da haske sama. Wuraren shaƙatawa irin su Freedom Park da ke Broad Street suna da bango da inuwa masu kyau, amma ka tambayi ƙa'idarsu kan shiga da kyamara kafin ka kwashi kaya ka tafi.

Idan aljihu bai kai ba

Waya mai kyau a hannun aboki mai haƙuri za ta iya fitar da kai kunya kafin ka tara kuɗi. Amma a kiyaye abu ɗaya da yawancin mutane ba su sani ba. Babbar kyamarar waya mai faɗin gani ce, kusan milimita 24 zuwa 26 a ma'aunin gilashin kyamara, kuma idan aka matso da ita kusa da fuska sai ta kumbura hanci ta tura kunnuwa baya. Shi ya sa hoton da ka ɗauki kanka da hannunka bai taɓa zama hoton aiki ba. Masu sana'a suna amfani da gilashin kyamara mai janyo nesa, mai milimita 85 zuwa sama, su tsaya nesa. Kai ma haka za ka kwaikwaya: abokinka ya ja baya kamar mita biyu, ya danna 2x ko 3x don janyo hoton kusa, ya riƙe wayar a tsaye daidai tsayin idonka, ba daga ƙasa ba, ba daga sama ba. A goge gilashin da gefen riga. A kashe filasha, a kashe duk wani abin gyaran fuska da wayar ke kunnawa da kanta, domin wayoyi da yawa da ake sayarwa a kasuwar wayoyi ta Computer Village da shi suke zuwa a kunne. Ya taɓa idonka a kan allo don saitin ya zauna a nan. Idan ya yi amfani da tsarin da ke dusar da baya, ku duba gefen kunne da ɗankwali, wani lokaci yana cinye su.

Gaban kyamara

Nan ne aikin yake, kuma nan ne tarbiyyarmu take ɗan yi mana cikas. An raine mu a kan cewa ba a zuba wa babba ido; yaron kirki yana sunkuyar da kai, budurwa tana kallon ƙasa. Ɗabi'a ce mai kyau a zaure, amma a wannan hoton dole ka kalli cikin gilashin kai tsaye, kamar kana kallon wanda ka yarda da shi. Na ga 'yan mata da yawa daga Idi-Araba da Obalende waɗanda da zarar an ɗaga kyamara sai ido ya gudu gefe, hannu ya tafi baki. Ki yi atisaye a gida da waya har kunyar ta sake ki. Wasu mazan kuma akasin haka suke yi, su haɗe rai su zazzaro ido wai jarumta. Wannan ma ba kai ba ne.

Tsaya ko zauna a bakin kujera, baya a miƙe, kafaɗu a sake. Juya jiki kaɗan gefe guda, fuska ta dawo ga kyamara. Tura goshi gaba kaɗan kamar kunkuru na leƙe, sannan ka sauke haɓa ƙiris. A jikinka za ka ji wani iri, a hoto kuwa muƙamuƙi ne zai fito. Hannu ba shi da aiki a fuska.

Sai babban sirrin. Kai ɗan wasa ne, to yi wasa. Kar ka tsaya kana jiran ƙarar kyamara da fuskar katin zaɓe. Sa wani abu a ranka kafin kowane ɗauka: ga mahaifiyarka ta sauko daga motar Kano bayan shekara biyu ba ku haɗu ba, ga abokin da ya ci amanarka yana rantsuwa kana sauraro, ga wani sirri da ka sani wanda ke gabanka bai sani ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma kyamara ta fi kowa iya tambaya. Idan fuska ta ƙage, sauke kai, fitar da numfashi, ka ɗago a hankali, a ɗauka a daidai lokacin da idonka ya sauka. Ku yi hira da mai hoton, dariyar da ta zo da kanta da ɗan abin da ya rage a fuska bayan ta wuce sun fi kowane "yi murmushi". Bayan ɗauka goma na farko ka nemi a nuna maka, ka gyara wuyan riga ko zufa tun da wuri. Kafin ku tashi, a ɗauke ka guda ɗaya tsaye daga kai har ƙafa, da guda ta gefe, domin sanarwa da yawa suna neman su.

Zaɓe da gyara

Kar ka zaɓa a ranar. Kwana ɗaya, sannan ka rage su zuwa goma, ka ƙanƙanta su a allon waya kamar yadda mai zaɓe zai gan su, ka ga wanne ne ido ke tsayawa a kai. Ka buɗe shi sosai ka tabbata idanu sun fito tar. Nuna wa wanda ke cikin sana'ar, ba masoyiyarka ba. Ita wanda ka fi kyau za ta zaɓa, kai kuwa wanda ya fi kama da kai kake nema.

Ƙa'idar gyara mai sauƙi ce: abin da zai tafi da kansa cikin mako biyu, kamar ƙurji ko jan ido, a cire. Abin da kake kwana kake tashi da shi, a bar shi. Wushirya, bille, tsagar gado, tabon sallah a goshi, furfura, duk naka ne, kuma sau da yawa su ne abin da zai sa a tuna ka cikin mutum ɗari. Ka faɗa wa mai gyaran da bakinka cewa kar ya ƙara maka hasken fata, don da yawansu hannunsu ya saba, gani suke alheri suke maka. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke ƙera wa mutum hoto cikin kwat su ma ka bar su. Wani suke zanawa mai kama da kai.

Wankewa da turawa

Girman da aka saba da shi shi ne inci 8 da 10, wato kusan santimita 20 da 25, a tsaye, mai launi. Don ya fito da kyau a takarda, fayil ɗin ya kai ɗigo 2400 da 3000. A wanke maka a takarda mara ƙyalli sosai, da sunanka a ƙasa cikin rubutu mai sauƙi. Guda biyar zuwa goma sun isa farawa, ka ajiye su cikin fayil na roba saboda ruwan Legas.

A bayan hoton ka manna takardar bayaninka da sitefula, ka yanke ta daidai girman hoton tunda A4 ta fi shi tsawo. Suna, lambar waya, imel, tsayi, tazarar shekarun wasa, ayyukan da ka yi ko da wasan daɓe ne na makaranta. Ka rubuta harsunanka dalla-dalla: Hausa, Turanci, Burokan, Yarbanci idan ka tashi a Agege kana jin sa, Fulatanci ko Kanuri idan akwai. Ka sa abin da ka iya da gaske, hawan doki, dambe, tuƙin babur, iyo. Kar ka rubuta abin da ba za ka iya yi gobe da safe a gaban mutane ba.

Yawancin turawa yanzu ta waya ce. Ka ajiye kwafi mara nauyi, kamar megabait ɗaya, a tsarin JPEG, ka sa masa cikakken sunanka a maimakon jerin lambobin da kyamara ta ba shi. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau, don haka ka tura shi a matsayin takarda, wato ta zaɓin Document, haka ma mai hoton ya turo maka. Ka karanta sanarwar sau biyu: idan hoto biyu aka ce, biyu za ka tura, ba goma sha biyu ba. Hoton nan kuma shi ya kamata ya zama fuskar shafinka na aiki, don wanda ya nemi sunanka ya ga mutum ɗaya. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom kafin a duba hotonka, ko ya ce dole sai a wurin mai hotonsa za ka sake yi, ka yi taka-tsantsan, ka tambayi 'yan ƙungiyar 'yan wasa ta AGN ko wani na gaba da kai kafin ka fitar da ko sisi.

Hoto yana tsufa. Bayan shekara ɗaya zuwa biyu ka sake, ko kuma duk ranar da kamanninka suka canza: ka aske gemu, ka tara suma, ka yi ƙiba ko ka rame, kin fara sa mayafi ko kin canza yadda kike ɗaura shi. Kafin ka fita zuwa kowace tantancewa, ɗaga hoton kusa da fuskarka a gaban madubi. Idan mutum biyu ka gani, kira mai hoto a makon nan.